Daga allon yumɓu zuwa Bauhaus: ina sana'ar zayyana ta samo asali?

Tambaya: Na koyi haɗa fasta da katin biki da tambari a kwamfuta, kuma yanzu da wannan nake cin abinci. Wani ya ce mini sana'ar da kwamfuta ta zo, wani kuma ya ce a wata makaranta ta Jamus aka ƙirƙiro ta. Wane ne ke da gaskiya, kuma tun yaushe aka fara?

Amsa: Ƙanena, kowannensu ya taɓo wani abu, amma sun saki reshe sun kama ganye. Sunan sana'ar shi ne sabo. Wani Ba'amurke mai tsara littattafai, William Dwiggins, shi aka fi dangantawa da kiran aikin "girafik dizain" a 1922. Aikin kansa kuwa ya girmi sunan da kusan shekara dubu biyar. Ni na fi son in kira shi zayyana, kalmar da muke da ita tun kafin boko. Na yi shekaru tsakanin maɗaba'a da aji, kuma abin da nake fara gaya wa ɗalibi shi ne aikinmu ya wuce yi wa takarda ado. Mu ne ke yanke inda idon mai karatu zai fara sauka, inda zai bi daga nan, da inda zai huta. Riƙe wannan a ranka mu bi tarihin da shi.

A birnin Uruk, kudancin Iraƙi ta yau, wajen shekara 3200 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ma'ajin wuraren bauta suka fara ajiye lissafi a kan allunan yumɓu: sha'ir nawa ya shigo rumbu, tumaki nawa suka fita. Idan ka duba allunan za ka ga an ja layuka an raba su gida-gida, kowane kaya da adadinsa a gidansa, jimilla kuma a bayan allo. Wannan tsarin shafi ne, ba shi da wani suna. Akwai darasi na biyu a yumɓun. Jan layi mai lanƙwasa a kan ɗanyen yumɓu yana da wuya, yana tattaro laka a bakin kara, sai marubuta suka koma danna karan maimakon jan sa. Daga nan haruffan suka zama kamar kan kibiya. Kayan aiki ne ke ba harafi kamanninsa, kuma za ka ga haka ta sake faruwa duk lokacin da aka sauya kayan aiki.

Marubucin Masar ta dā yana da gurbin tawada biyu a allon aikinsa, baƙa da ja. Da baƙa yake rubuta jikin magana, da ja yake rubuta kanu da mafarin sashe. Duk wanda ya taɓa ja wa kanun labari launi daban, gadonsa ya ci. Mutanen Finiƙiya, 'yan kasuwar gaɓar Labanan, suka taƙaita rubutu zuwa baƙaƙe 22, Girkawa suka ƙara wasulla, Rumawa suka gyara surar. A gindin ginshiƙin Sarki Trajan da ke birnin Rum, wanda aka kammala a shekara ta 113, akwai rubutun da har gobe masu zana haruffa ke zuwa aunawa. Layukan sama sun ɗan fi na ƙasa girma, don wanda ke tsaye yana ɗaga kai ya gan su daidai wa daida. Mai sassaƙar ya yi lissafi da idon mutum, bai tsaya ga abin da ma'auni ya ce ba.

A nan zan ɗan daɗe, domin littattafan Turai kan tsallake wannan babi da sauri. Takarda daga Sin ta fito, ta biyo ta Samarƙand ta iso Bagadaza a ƙarshen ƙarni na 8. Da takarda ta yi araha rubutu ya yawaita, hannaye suka bambanta, aka rasa ma'auni ɗaya. Ibn Muƙla, wazirin halifofin Abbasiyya wanda ya rasu a 940, shi ake jingina wa maganin matsalar. Ya ɗauki ɗigon da bakin alƙalami ke bari idan an danna shi, ɗigo mai kusurwa huɗu, ya mai da shi mudun awo. Tsawon alif ɗigo kaza ne. Sai a zagaye alif ɗin da da'ira, kowane harafi kuma a auna shi da wannan da'irar. Ma'anarsa, idan ka fiƙe babban alƙalami harafi zai girma, idan ƙarami ne ya ƙanƙance, amma dangantakar sassan ba ta canzawa. Ibn al-Bawwab ya zo bayansa ya sa wa tsarin taushi da kyau. Abin da masu zana haruffan kwamfuta ke yi a yau, na gina harafi duka a kan ma'auni ɗaya, an yi shi a Bagadaza shekara dubu da suka wuce.

Ba sai ka je Bagadaza ba ma. Nemi alaramma ya buɗe maka Alƙur'anin hannu irin na Kano ko na Barno, ka zauna ka dube shi da idon sana'a. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza da ruwan ɗorawa, alamar hamzatul wasli da kore. Launi huɗu, kowanne da aikinsa, babu wanda aka sa don kwalliya kawai. Kan sura da launinsa daban. A gefen shafi akwai da'irori masu zayyana da ke nuna izu da nusufi da rubu'i da sumuni, ta yadda mai tilawa zai gane inda yake tun kafin ya karanta kalma ɗaya. A ƙasan warƙa kuma an rubuta kalmar farko ta warƙa mai zuwa, domin ba a ɗinke warƙoƙin ba, idan sun watse da ita za a jera su. Kowace matsalar mai karatu an yi tunaninta an ba ta amsa a shafin. Na sha kai ɗalibai gaban irin wannan kafin in bar su su taɓa kwamfuta.

Ɗab'i ma a gabas ya fara. Mutanen Sin suna sassaƙa shafi guda a kan katako su shafa tawada su buga, kuma akwai littafin addinin Buda da aka buga haka mai ɗauke da kwanan wata na shekarar 868. Bi Sheng ya ƙera haruffa ɗaiɗai na gasasshen yumɓu wajen 1040, Koriya ta buga littafi da haruffan ƙarfe a 1377. Sai dai rubutun da ke da alamomi dubbai yana wahalar jerawa, shi ya sa dabarar ta fi yin tasiri inda haruffa ba su kai talatin ba.

Johannes Gutenberg, maƙerin zinariya a birnin Mainz na Jamus, ya haɗa abubuwa da yawa wuri guda wajen 1450: ma'aunin zuba haruffa da za su fito tsawo ɗaya, haɗin dalma da kuza da wani ƙarfe da ake kira antimoni, tawada mai mai wadda ke kama ƙarfe, da matsi irin na masu matse inabi. Wajen 1455 ya fitar da Baibul mai layi 42 a yawancin shafukansa, kwafi kimanin 180. Abin lura a gare mu shi ne bai yi ƙoƙarin kawo sabuwar kama ba. So yake mai saye ya ɗauka rubutun hannu ne. Ya zuba siffofin haruffa kusan 290, har da haɗaɗɗu da gajerce-gajerce irin na magatakarda, don bakin layukansa su tsaya cif. Ya kuma bar gurabe a shafi don masu jar tawada su cike da hannu. Sabon inji kan fara da kwaikwayon tsohon hannu, sai daga baya ya gane abin da shi kansa ya iya.

A birnin Banis na Italiya injin ya gane. Nicolas Jenson ya zuba haruffa masu sarari da sauƙin karatu a 1470, kakannin waɗanda kake karanta wannan amsa da su. A 1501 Aldus Manutius ya fito da rubutu mai karkata, wanda Francesco Griffo ya sassaƙa masa, ya buga ƙananan littattafai da mutum zai iya tafiya da su a hannu. A wannan zamani ne shafin take da lambar shafi suka zama al'ada. Ƙarni uku da suka biyo, Garamond a Faransa, Baskerville a Ingila, Bodoni a Italiya, duk gyaran harafi ɗaya suke ta yi, kuma sunayensu na nan a jerin haruffan kwamfutarka.

Rubutun Larabci bai ji daɗin haruffan ƙarfe ba. Haruffansa a haɗe suke, kowanne yana sauya kama gwargwadon matsayinsa a kalma, wasu suna hawa kan wasu. An buga Alƙur'ani da ƙarfe a Banis wajen 1538, ya fito cike da kurakurai. Ibrahim Mutafarriƙa ya fara buga littattafai a Istanbul a 1729, maɗaba'ar Bulaƙ ta Alƙahira ta biyo a farkon shekarun 1820. Amma abin da ya shiga zuciyar Musulmi da gaske shi ne ɗab'in dutse, wanda Alois Senefelder ya gano a Munik a ƙarshen shekarun 1790. Ana rubutu da tawada mai maiƙo a kan shafaffen dutse, a jiƙa dutsen da ruwa, sai tawadar bugu ta kama inda maiƙo yake ta guje wa inda ruwa yake. Da wannan hannun marubuci ke fitowa yadda yake, sau dubu. Haka aka yi ta bugawa a Indiya da Iran da Fas. Dalili ɗaya ne ya sa littattafan da ke kasuwar Kurmi da yawansu hoton rubutun hannu ne aka buga: idon da ya tashi da allo ya fi sakewa da hannun da ya sani.

Juyin masana'antu ya kawo sabon abokin ciniki, wato mai talla. Littafi a hannu ake riƙe shi a natse, talla kuwa a bango take tana kokawa da wasu tallace-tallace. Sai aka ƙera haruffa masu ƙiba, aka sassaƙa manya da katako, kuma a 1816 gidan Caslon a Landan ya fitar da harafin farko marar ƙafa, wato wanda babu 'yan ƙananan layukan nan a bakinsa. Jaridar Times ta fara bugu da injin tururi a 1814, takarda 1,100 a sa'a guda. Injin Linotype ya zo a 1886 yana zuba layi guda cur a lokaci ɗaya. Sauri ya ƙaru, kyau ya ragu. Takardar talla ta wancan zamani za ka iske harafi iri goma a cikinta, kowane layi yana ihu, babu mai sauraron wani. Ka san irin wannan fasta, don ana manna ta a bangon unguwarku duk lokacin zaɓe.

Martani iri biyu aka mayar. A Faris, Jules Chéret ya ɗauki ɗab'in dutse mai launi ya mai da fasta hoto guda mai ɗaukar ido, ya yi sama da dubu. Toulouse-Lautrec, a fastarsa ta gidan rawar Moulin Rouge a 1891, ya koyi darasi daga zanen katako na Japan: launi shimfiɗe babu inuwa, sura a yanke, fili a bari. Alphonse Mucha ya shahara da salon lanƙwashe-lanƙwashe kamar reshen kabewa, wanda ake kira Art Nouveau. A Ingila kuwa William Morris baya ya koma. Ya kafa maɗaba'ar Kelmscott a 1891, da takardar hannu da matsin hannu, yana cewa inji ya kashe mutuncin ma'aikaci. Littattafansa sun yi tsada har talakan da yake kishi ba sa iya saye, kuma shafukansa sun cika ado fiye da yadda nake so. Duk da haka shi ya dawo da tunanin cewa shafi biyu da ke fuskantar juna abu ɗaya ne, kuma harafi da takarda da tawada da faɗin gefe dole mutum ɗaya ya auna su tare.

Labarin da na fi so a duk tarihin nan na wani saurayi ne a Balin, Lucian Bernhard, wajen 1905. Kamfanin ashana na Priester ya sa gasar fasta. Yadda shi ya ba da labari, ya fara zana teburi da farantin toka da sigari da hayaƙi da 'yan rawa. Ya ga hayaniya ta yi yawa, ya shafe wannan, ya shafe wancan, har abin da ya rage tsinken ashana biyu ja masu kai ruwan ɗorawa, da sunan kamfanin da shuɗi, a kan fili mai duhu. Ya ci gasar. Bayan shekara biyu kamfanin lantarki na AEG ya ɗauki Peter Behrens ya tsara masa tambari da haruffa da takardun talla da fitilu har da ginin masana'anta, duk da murya ɗaya. Idan banki ya ba ka littafin ƙa'idojin tambarinsa ya ce kada ka sauya launi, daga nan abin ya taso.

Sai masu zanen zamani suka shigo da tarzoma. Marinetti na Italiya ya buga sanarwar ƙungiyar Futurizim a 1909, yana so kalma ta yi ƙara a shafi kamar harbin bindiga, haruffa manya da ƙanana a warwatse. Mutumin ya yabi yaƙi, daga baya ya bi Mussolini, kuma ban ga dalilin ɓoye wannan ba don kawai ya iya tsara shafi. 'Yan Dada, da suka taru a Zurik a 1916 don ƙyamar Yaƙin Duniya na Ɗaya, suka fara yanka hotunan jarida suna liƙawa, dabarar da John Heartfield ya mai da makami a kan Hitila. A Holan ƙungiyar De Stijl ta 1917 ta taƙaita komai zuwa miƙaƙƙen layi da ja da shuɗi da ruwan ɗorawa. A Rasha bayan juyin juya hali, inda yawancin talakawa ba su iya karatu ba, El Lissitzky ya zana jan alwatika yana huda farar da'ira, kowa kuma ya gane jajayen dakarun juyin juya hali ne ke fasa fararen dakarun masu adawa da shi. Rodchenko ya sa hoton mace ta kai hannu baki tana kira, kalmar "littattafai" tana fita daga bakinta tana ƙara girma kamar amon lasifika.

Yanzu mun iso makarantar da aka gaya maka. Walter Gropius ya buɗe Bauhaus a Weimar a 1919, ta koma Dessau a 1925, ta rufe a Balin a 1933 saboda matsin 'yan Nazi. Shekara 14 kacal. Ba ita ta ƙirƙiro sana'ar ba. Abin da ta yi shi ne ta tattara waɗancan gwaje-gwaje ta mai da su darasi mai tsari: kowane ɗalibi sai ya fara da sura da launi da sanin kayan aiki kafin ya zaɓi fanni. Moholy-Nagy ya haɗa hoton kyamara da rubutu. Herbert Bayer ya zana haruffa da da'ira da miƙaƙƙen layi, ya kuma sa makarantar ta daina amfani da manyan baƙaƙe, a harshen da ke fara kowane suna da babban baƙi. A Jamus abin ya zama rigima. Mai karatun ajami ba zai ga abin mamaki ba, tunda rubutunsa bai taɓa sanin babba da ƙarami ba. Da makarantar ta watse, malamanta suka bazu, da yawa zuwa Amurka, suka tafi da manhajar. Makarantun zane da yawa a duniya a kanta suka ginu, shi ya sa sunanta ya rufe na sauran.

Wanda ya isar da saƙon ga talakan maɗaba'a bai ma koyar a Bauhaus ba. Jan Tschichold ɗan mai rubuta allunan shaguna ne daga Leipzig. Ya ga baje kolin makarantar a 1923, ya ruɗe da shi, a 1928 ya rubuta littafin da ya zama jagorar sabon tsarin bugu: harafi marar ƙafa, rubutu ya jingina gefe ɗaya a daina tara shi a tsakiya, farin fili a ɗauke shi a matsayin kayan aiki, takarda ta bi ma'auni ɗaya. Takardar A4 da kake sa wa firinta daga ma'aunin Jamus na 1922 ta fito, kuma yana cikin masu yaɗa ta. A 1933 'yan Nazi suka tsare shi na makonni, ya gudu Siwizalan. Can ya sake tunani. Ya fito fili ya ce tsaurin dokokin da ya kafa yana ƙamshin irin kama-karyar da ta kore shi daga gida. Tsofaffin abokansa suka ce ya ci amana. Daga 1947 zuwa 1949 ya tsara wa kamfanin Penguin na Ingila ɗaruruwan littattafai da harafi mai ƙafa da take a tsakiya, irin abin da ya taɓa haramtawa. Ina ganin sau biyun duka yana da gaskiya. Takardar talla da jadawalin jirgi suna son tsarinsa na farko, dogon littafin da za a kwana ana karantawa yana son na biyu.

Daga nan hanya ta miƙe. Harry Beck ya zana taswirar jirgin ƙarƙashin ƙasa na Landan, aka buga a 1933. Ya yi watsi da ainihin nisan wurare, ya bar layuka a miƙe ko a kwance ko a karkace, domin fasinja tasha ta gaba yake son sani da inda zai sauya jirgi. Mutanen Siwizalan, irin su Josef Müller-Brockmann, suka raba shafi gida-gida da layukan da ba a gani, kusan yadda ma'ajin Uruk ya raba allonsa, kuma a 1957 harafin da aka sa wa suna Helvetica daga baya ya fito daga can. Kwamfutar Macintosh ta zo a 1984, PageMaker a 1985, CorelDraw a 1989. Sun ɗauke wahalar dalma da almakashi da gam, sun sa aikin mutum goma a hannun mutum ɗaya, amma tambayar inda ido zai fara sauka tana nan a kanka.

Akwai wani ɓangare na tarihin da bai ƙare ba, kuma namu ne. Haruffan ƙ da ɗ da ɓ masu lanƙwasa sun zauna a rubutun boko a shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939, kuma sai da aka zuba musu ƙarfe na musamman. A shekarun 1980 Hermann Zapf, ɗaya daga manyan masu zana haruffa na Jamus, ya sa hannu a aikin harafin bai ɗaya na harsunan Nijeriya. Har yau da yawa daga haruffan da ke kwamfutarka ba su da waɗannan ukun. Ka rubuta "ƙasa" sai ƙ ɗin ta fito daga wani gida daban, siririya a tsakiyar masu kauri, ko ta zama akwati, ko mai aiki ya gaji ya rubuta "kasa" ma'ana ta juye. Kafin ka zaɓi harafi don aikin Hausa, rubuta "ƙoƙon ɗan ɓaure" da shi, manya da ƙanana, ka buga a takarda ka duba lanƙwasar da kyau. Idan ba ta zauna daidai da 'yan'uwanta ba, nemi wani harafin tun kafin aiki ya tafi maɗaba'a.